Albert Einstein da Asirin Faɗuwa

Idan yaro ya tsaya a gindin mangwaro a Wasagu da bazara, ya jefi nunanne, ina mangwaron zai nufa? Ƙasa zai yiwo. Idan igiya ta tsinke a bakin rijiya, guga ƙasa zai yi. Ruwan sama ma haka, ƙasa yake nema. Kowa ya san wannan tun yana rarrafe, shi ya sa ba a cika samun mai tambayar dalili ba. To, amma mene ne yake jawo su? Me kuma ya hana wata faɗowa, ga shi ba igiya ba ginshiƙi? Wannan labarin wani mutum ne da ya ɗauki wannan tambaya da gaske, ya bi ta shekara da shekaru. Sunansa Albert Einstein, ana faɗinsa Ainshitain.

Ƙuruciyarsa

An haifi Albert ran 14 ga watan Maris, 1879, a wani gari da ake kira Ulm cikin ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne, sunan ubansa Hermann, uwarsa kuwa Pauline. Yana ɗan shekara guda suka ƙaura zuwa birnin Munik, inda ubansa da ƙanen ubansa suka buɗe wurin ƙera kayan lantarki.

Albert bai yi saurin fara magana ba, har iyayensa suka soma damuwa. Da ya kai kamar shekara biyar, wata rana yana kwance ba lafiya, sai ubansa ya kawo masa kamfas, watau 'yar na'urar nan mai allura wadda matafiya ke gane arewa da ita. Yaro ya juya ta nan, ya juya ta can, allura dai ba ta fasa nuna arewa ba. Ya duba, bai ga hannun da ke tura ta ba. Abin ya tsaya masa a rai. Tun daga ran nan ya gane akwai ƙarfin da ke aiki a ɓoye, ido ba ya ganinsa.

Uwarsa ta sa shi koyon goge irin na Turawa, bai kuwa rabu da gogen nan ba har tsufansa. Akwai kuma wani ɗalibin likita, talaka, da yakan zo gidansu cin abinci sau ɗaya a mako. Shi ne ya riƙa kawo masa littattafan lissafi da na sanin halitta. Kafin a jima yaro ya wuce mai kawo masa littattafan.

Makarantar Munik ba ta yi masa daɗi ba, domin hadda ta yi yawa, malamai kuwa sun cika tsanani kamar hafsoshin soja. A 1894 cinikin ubansa ya karye, iyalin suka koma Italiya, aka bar shi ya ƙarasa karatu. Bai iya zaman kaɗaici ba, sai ya bar makaranta ya bi su. Yana ɗan shekara 16 ya ɗauki jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha ta Zurik a ƙasar Suwizalan. Ya yi fice a lissafi, amma sauran fannoni suka kayar da shi. Bai yi zuciya ba. Ya koma wata makaranta a garin Aarau ya ƙara shekara guda, a 1896 aka karɓe shi, a 1900 ya gama.

Akawu mai tunani

Da ya gama ya nemi aikin koyarwa a jami'a, ya rubuta wasiƙu ko'ina, ba wanda ya ɗauke shi. Ya yi kusan shekara biyu yana 'yan koyarwa nan da can don ya sami na abinci. A 1902 ya sami aiki a birnin Bern, a ofishin da ake duba sababbin na'urorin da mutane suka ƙago. A 1903 ya auri Mileva, wadda suka yi karatu tare, suka haifi 'ya'ya maza biyu.

Da rana yana aikin ofis, da dare yana nasa lissafin. A shekara ta 1905 wannan ɗan akawu ya fitar da takardu huɗu waɗanda suka girgiza masana. A cikin ɗayarsu ya yi bayanin gudun haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ba kuwa abin da ya fi shi sauri. Duk da haka sai ya yi minti takwas da 'yan kai kafin ya iso duniya daga rana.

Wannan ya jawo wata matsala. Tun a 1687 wani babban masani na Ingila, Isaac Newton, ya nuna cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Duniya tana jan mangwaro, tana kuma jan wata, rana kuwa tana jan duniya. Wata bai faɗo ba domin yana gudu a kaikaice, jan duniya yana karkato shi, sai ya zama kewaya yake yi. Lissafin Newton ya yi kyau ƙwarai, har yau ana aiki da shi. Sai dai a lissafin nan, ja yana isa ko'ina nan take, kome nisa. Newton kansa bai faɗi yadda rana ke kama duniya ba, alhali ba kome a tsakaninsu. Einstein ya ga da sauran magana. Idan ba abin da ya fi haske sauri, yaya ja zai isa nan take?

Mutumin da ya faɗo daga soro

Wata rana a 1907, yana zaune a kujerarsa ta ofis, sai wani tunani ya faɗo masa. Mutumin da ya faɗo daga kan soro, muddin yana cikin faɗowa, ba ya jin nauyin jikinsa. In ya saki dutsen da ke hannunsa, dutsen ba zai bar shi ba, tare za su yi ta tahowa. Dalili kuwa, babban abu da ƙarami gudu ɗaya suke yi wajen faɗuwa, in iska ba ta tare su ba. Kowane yaro yana iya gwada wannan. Ya ɗauki babban dutse da ƙarami, ya sake su tare, zai ji sun dira lokaci guda.

Einstein ya yi ta juya wannan a ransa. In kome da kome hanya guda yake bi wajen faɗuwa, ashe asirin yana ga hanyar. Shekara takwas ya yi yana fama da wannan tunani. Lissafin ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi taimakon abokinsa na makaranta, Marcel Grossmann, wanda ya nuna masa irin lissafin da ake auna lanƙwasassun abubuwa da shi. Ya yi kuskure, ya koma baya, ya sāke. A 1914 ya koma Balin, babban birnin Jamus. A watan Nuwamba na 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya kammala.

Ga abin da ya gano. A sa yara huɗu su kama bakin zane su ja shi ya miƙe. A ɗora kabewa a tsakiya, zane zai lotsa. In aka gangara lemo daga gefe, ba zai tafi sak ba, zai karkata wajen kabewa. Ba igiya tsakanin kabewa da lemo, lotsawar zane ce ta karkatar da shi. To, haka sararin da ke tsakanin taurari yake. Rana ta lotsa sararin da ke kewaye da ita, duniya kuwa tana bin wannan lotsawa, shi ne kewayar da take yi shekara-shekara. Misalin zane kusantarwa ce kawai, domin sarari ba shimfiɗa ba ne, ta kowace fuska yake lanƙwasa.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, har lokaci ma yana cikin wannan lanƙwasa. Sarari da lokaci a saƙe suke kamar zaren tsaye da na kwance a jikin zane. Kusa da abu mai nauyi lokaci yana rage gudu. Agogon da ke kwari yana baya kaɗan ga wanda ke kan dutse, ko da yake bambancin ya yi ƙanƙanta, sai na'ura mai kaifi ƙwarai ke iya gane shi.

Ranar gwaji

Magana mai daɗi ba ita ce gaskiya ba sai an auna. Einstein da kansa ya faɗi yadda za a gwada shi. In sarari ya lotsa kusa da rana, to, hasken tauraron da ya gifta ta gefenta dole ya karkata, a ga tauraron ya ɗan gusa daga mazauninsa. Ya kuma faɗi yawan gusawar. 'Yar kaɗan ce, kamar faɗin kwabo idan aka hango shi daga nisan kilomita uku. In aka auna ba a sami haka ba, aikinsa na shekara takwas ya rushe.

Amma yaya za a ga tauraro kusa da rana? Sai ranar husufi, lokacin da wata ya shiga tsakanin duniya da rana ya rufe ta. Manya a ƙasar Zuru suna tune da irin wannan rana, domin ran 29 ga Maris, 2006, rana ta dushe musu da hantsi. Inuwar wata ta ratsa Nijeriya ta bi ta Gusau da Katsina ta shige Nijar, gari ya yi duhu na 'yan mintoci.

Tun a 1914 wasu Jamusawa suka tafi ƙasar Rasha don su auna a wani husufi. Yaƙi ya ɓarke, aka kama su, aka tsare kayan aikinsu. Ashe wani hani ga Allah baiwa ne, domin a lokacin lissafin Einstein bai cika ba, rabin adadin gaskiya ya samu. Da an auna a shekarar nan, da an ce ya yi kuskure.

Bayan yaƙi ya ƙare, masanan Ingila suka shirya ayari biyu don husufin 29 ga Mayu, 1919. Ɗaya ya tafi Sobral a ƙasar Barazil. Ɗayan kuwa, ƙarƙashin Arthur Eddington, ya zo nan Afirka ta Yamma, wani ɗan tsibiri mai suna Firinsife da ke cikin teku kudu da gaɓar Nijeriya. Suka kafa madubin hangen nesa a wata gonar koko. Da ranar ta zo, gari ya waye da hadari, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ga tafiyar makonni, ga duhun da ba zai wuce minti biyar ba. Dab da lokaci ruwa ya ɗauke, gajimare ya soma yayewa. Suka ɗauki hoto goma sha shida, biyu kaɗai suka nuna taurari yadda za a iya aunawa.

Aka haɗa su da hotunan Barazil, aka yi watanni ana awo. Ran 6 ga Nuwamba, 1919, aka tara masana a Landan aka bayyana sakamako. Taurari sun gusa, gusawar kuwa ta yi daidai da lissafin Einstein. Kashegari jaridu suka ɗauka, sunansa ya game duniya. Abin lura a nan, Ingila da Jamus ba su daɗe da ajiye makamai ba, amma mutanen Ingila ne suka sha wahalar tabbatar da maganar masanin Balin. An ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1921, amma saboda wani aikinsa ne dabam a kan haske.

Gudun hijira

Suna bai kare shi daga ƙiyayya ba. A 1933 Hitila ya karɓi mulkin Jamus, shi da jama'arsa kuwa sun tsani Yahudawa. Einstein yana Amurka a lokacin. Aka binciki gidansa, aka ƙwace dukiyarsa, aka ƙone littattafansa a bainar jama'a. Bai sāke taka ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu. Ya zauna a garin Princeton na Amurka, ya yi ta rubuta wasiƙu yana nema wa waɗanda aka kora mafaka.

A 1939 ya sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga shugaban Amurka, Roosevelt, yana gargaɗi cewa Jamus tana iya ƙera bom mai tsananin ƙarfi. Shi bai yi aikin ƙera bom ba. Amma da aka jefa shi a biranen Japan biyu a 1945, abin ya dame shi ƙwarai, ya yi nadamar wasiƙar, ya ƙare rayuwarsa yana kiran a daina irin wannan makami.

Da yake ya ɗanɗana wulaƙanci, bai yi shiru ba da ya ga yadda ake wulaƙanta baƙar fata a Amurka. A 1946 ya je Jami'ar Lincoln, makarantar baƙar fata inda Nnamdi Azikiwe na Nijeriya da Kwame Nkrumah na Gana suka yi karatu, ya koyar da ɗalibai, ya kuma la'anci wariyar launi. A 1952 aka roƙe shi ya zama shugaban ƙasar Isra'ila, ya ƙi. Ya rasu ran 18 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 76, takardun lissafinsa suna gefen gadonsa.

Abin da ya ƙi yarda da shi

Lissafin Einstein ya haifi wani abu da shi kansa bai so ba. Wani masani Bajamushe, Karl Schwarzschild, yana bakin dāga a matsayin soja lokacin da ya karanta aikin Einstein. Ya warware lissafin, aka buga a 1916, a shekarar kuma ciwo ya kashe shi. Daga aikinsa aka fahimci cewa in aka danne abu mai nauyi a ɗan ƙaramin wuri, sarari zai lotsa har ya zama rami. Duk abin da ya tsallake bakinsa ba ya dawowa, ko da haske ne. Shi ake kira baƙin rami. Da za a danne duniyar nan duka ta koma kamar ɗan kanya, da ta zama baƙin rami.

Einstein bai yarda akwai irin wannan a sama ba. A 1939 ya rubuta takarda yana nuna ba zai yiwu ba. A nan gwani ya yi tuntuɓe. Bayan rasuwarsa masana suka tabbatar cewa idan babban tauraro ya ƙone makamashinsa, yakan rufta cikin kansa ya zama baƙin rami.

Akwai kuma wani abu da ya faɗa a 1916. In aka jefa dutse a tafki, ruwa yakan yi zobe-zobe yana bazuwa har gaɓa. Haka nan in manyan abubuwa suka yi motsi mai ƙarfi, sarari da lokaci sukan yi irin wannan kaɗawa, ta bazu da gudun haske. Ya zaci ba za a taɓa iya auna ta ba don ƙanƙantarta.

Masana suka yi shekaru da yawa suna gina na'urar da za ta ji ta. Suka kafa biyu a Amurka, tsakaninsu kilomita 3,000, ana kiransu LIGO. Kowace tana da hannu biyu, kowane hannu tsawonsa kilomita huɗu, haske yana kai da kawowa a ciki yana awo. Ran 14 ga Satumba, 2015, na'urorin biyu suka motsa kusan lokaci guda. Da aka bincika, sai aka ga baƙaƙen ramuka biyu ne suka yi karo suka haɗe, ɗaya ya yi nauyin rana 36, ɗaya 29. Kaɗawar ta yi shekara biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku tana tafe. Aka sanar da duniya a watan Fabrairu na 2016, shekara ɗari ke nan da maganar Einstein.

Ran 10 ga Afrilu, 2019, aka nuna wa duniya hoton baƙin rami na farko. Madubai takwas da ke wurare dabam-dabam na duniya aka haɗa suka yi aiki kamar ido guda. Ramin kansa ba ya ganuwa, abin da aka gani zoben wuta ne da duhu a tsakiya. Nauyinsa ya kai na rana biliyan shida da rabi, girman zoben kuwa ya dace da lissafin Einstein. A 2022 aka ɗauki hoton wani, wanda ke tsakiyar garken taurarin da rana take ciki, mai nauyin rana miliyan huɗu.

Kada a zaci wannan ilimi na sama ne kaɗai. Direban da ya taso daga Zuru, wayarsa tana nuna masa hanya, da aikin Einstein yake tafiya. Wayar tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, agogunansu kuwa suna gaba da na ƙasa da wani ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙa kowace rana. Da ba a gyara wannan da lissafinsa ba, da kafin kwana guda wayar ta ɓatar da mutum da kamar kilomita goma.

Har yau masana ba su gama ba. Ba wanda ya san abin da ke can tsakiyar baƙin rami, domin a nan lissafin Einstein ya tsaya. Shi ya gyara Newton, awo kuma ya gyara shi a inda ya kuskure. Tambayar tana nan tana jiran wani, wanda watakila yanzu haka yana gindin mangwaro da dutse a hannu.

Tambayoyi

1. Me uban Albert ya nuna masa yana yaro, me kuma ya ba shi mamaki?
2. Yi bayanin misalin zane da kabewa da bakinka.
3. Don me sai ranar husufi aka iya gwada maganar Einstein?
4. A wane abu ne Einstein ya yi kuskure, yaya kuma aka gane?
5. Ɗauki babban dutse da ƙarami ka sake su tare. Rubuta abin da ka gani.